Darasi: Gwani da Na'ura, Wa Za Mu Ba Amana?

Darasinmu na wannan wata ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu na ƙasar Daura. Mun nemi yardar iyalin kafin mu kawo shi, ko da yake ba za mu ambaci suna ko ƙauye ba.

Wata uwa mai kimanin shekara hamsin da biyar ta kama tari tun farkon hunturu. Ɗanta, wanda ya gama sakandare, yana da irin manhajar nan ta waya da ake yi wa tambaya tana amsawa kamar mutum. Sai ya rubuta wa manhajar cewa mahaifiyarsa tana tari, ga kuma ƙura ta yi yawa a gari. Amsa ta zo nan take: mai yiwuwa ƙurar hunturu ce, ta riƙa shan ruwan ɗumi, ta rufe hanci in za ta fita, idan kuwa tarin ya daɗe a kai ta asibiti. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Amma yaron ya riƙe farkon maganar ya saki ƙarshenta, gama kuɗin mota zuwa Daura ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da bai daɗe da biyan kuɗin makaranta ba. Wata biyu suka wuce a haka.

Ran nan wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Zumuntar Mata, ta shiga gidan domin gaisuwa. Ba aiki ya kai ta ba. Tana zaune sai ta lura zanen da matar ta saba ɗaurawa ya zagaye ta har ya yi saura, ta kuma ga an shanya shimfiɗa a rana alhali babu jariri a ɗakin. Ta ce, "Mama, kina jiƙewa da gumi da dare ne?" Matar ta ce haka ne, kusan kowane dare, ga zazzaɓi da yamma, abinci kuma ba ya shiga. Washegari aka kai ta asibiti, aka gwada kakinta, aka tarar tarin fuka ne.

Da muka ba da wannan labari a wani taron dattawa, wani ya ce, "To, Fada, ai magana ta ƙare, waɗannan na'urori yaudara ce kawai." Ba mu yarda da shi ba, kuma dalilin rashin yardar shi ne ainihin darasin nan.

Inda na'ura ta wuce gwani

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba abu ɗaya ba ne. Suna ne da ya tara dabaru iri-iri da ake sa kwamfuta ta yi aikin da a dā sai mai hankali da ilimi ke iya yi. Tun a watan Mayu na 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta cinye Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa. A 2016 wata mai suna AlphaGo ta cinye Lee Sedol na Koriya ta Kudu, wasa huɗu cikin biyar, a wata dara ta mutanen Asiya wadda ta fi ta Turawa wuyar lissafi. Waɗannan wasa ne, ba su taɓa tukunyar kowa a Baure ko Zango ba. Wanda ya shafe mu shi ne na tarin fuka.

Hanya mai sauri ta gano wanda ake zargin yana da wannan cuta ita ce ɗaukar hoton ƙirji. Amma hoto ba ya karanta kansa, sai likitan da ya ƙware a wannan fanni, irin waɗannan likitoci kuwa kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuma suna manyan birane. Sai masana suka tara hotunan ƙirji dubbai bisa dubbai, kowanne an riga an san ko mai shi yana da cutar ko ba shi da ita, suka yi ta nuna wa kwamfuta. In ta yi kuskure a gyara lissafinta, a sake nuna mata, har ta kai tana gane irin tabo da duhun da ke tafiya da cutar. Yanzu in an ba ta sabon hoto, kafin minti ɗaya ta ba shi maki tsakanin 0 da 100. Mai maki da yawa sai a karɓi kakinsa a gwada.

An gwada waɗannan manhajoji da gaske, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. A wani bincike da aka buga a 2021, an ɗauki hotuna kusan 24,000 na mutanen da suka je gwaji a birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash, aka ba manhajoji biyar, aka kwatanta karatunsu da na ƙwararrun likitocin hoto, aka kuma auna duka da sakamakon gwajin kaki. Dukan biyar ɗin sun fi likitocin dacewa. A watan Maris na wannan shekara ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irinsu a madadin mai karatun hoto wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama. Biyu daga cikin sanannunsu su ne CAD4TB da qXR. A nan Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa nauyi a duniya, ƙungiyar KNCV tare da hukumar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa sun kai na'urorin ɗaukar hoto na tafi-da-gidanka masu irin wannan manhaja zuwa jihohi da dama, har da Kano da Katsina. Akwai ƙanana da ake goyawa a baya kamar jaka, a kai su kasuwa ko ƙofar fadar dagaci.

Saboda haka kada girman kai ya hana mu faɗin gaskiya. A wannan aiki guda, watau duban hoto da cewa "wannan a gwada shi," na'ura ta kai gwani, sau da yawa ma ta wuce shi. Ba ta gajiya da ƙarfe uku na rana, ba ta duban tufafin mai hoton, ba ta san ɗan sarki da ɗan talaka ba. Wanda ya ƙi tsayawa a ɗauki hotonsa domin wai kwamfuta ce ke karantawa, kansa ya cuta, ya kuma cuci waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Iyakar da ke jikin gwanintar

Amma wannan bincike na Dhaka ya nuna wani abu kuma. Manhajojin sun fi yin kuskure a kan tsofaffi da kuma waɗanda suka taɓa yin cutar suka warke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsohon ciwo yakan bar tabo a huhu, tabon kuwa a hoto yana kama da sabon ciwo. Na'urar hoton kaɗai take gani. Ba za ta iya tambayar dattijo ko ya taɓa shan maganin wata shida shekara goma da suka wuce ba. Kuma makin da take bayarwa ba hukunci ba ne. Mutane ne suke zama su yanke inda za a ja layi, ko a 50 ko a 60. In an ja shi ƙasa, za a kama masu cutar da yawa amma kayan gwaji su ƙare a kan masu lafiya. In an ja shi sama, za a rage kashe kuɗi amma wasu marasa lafiya su koma gida ba a gano su ba. Wannan shawara ce ta lamiri da ta aljihu, kwamfuta ba ta da ko ɗaya cikinsu. Bayan haka, tabbacin cutar yana fitowa ne daga gwajin kaki, wanda a yawancin cibiyoyi ake yi da na'urar GeneXpert, ma'aikacin ɗakin gwaji kuma shi ne mai kula da ita.

Akwai wani misali daga ƙasar Tailan da ya yi kama da halinmu. Kamfanin Google ya ƙera manhaja mai duban hoton cikin ido domin gano lahanin da ciwon suga ke yi, kuma a ɗakin bincike ta yi ƙoƙari ƙwarai. Da aka kai ta ƙananan asibitoci goma sha ɗaya, masu binciken kamfanin da kansu suka ba da rahoto a 2020 cewa ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, domin an koyar da ita da hotuna masu tsabta, ɗakunan kuwa ba su da irin hasken da take so. Intanet ma yakan yi nauyi, layi ya yi tsawo. Ma'aikatan jinya suna kallon wasu hotunan suna ganin za su iya karanta su, amma na'ura ta ce a tura mutum babban asibiti mai nisa. Duk wanda ya san ƙurar watan Janairu a Daura da halin wutar lantarkinmu zai gane cewa abin da ya yi aiki a ɗaki mai sanyi ba lalle ya yi aiki a ƙarƙashin rumfa ba.

Manhajar da ke wayar yaron nan kuwa wata iri ce dabam, kuma a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Irinta sun bazu ne tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Ba a koyar da su aiki guda ba. An ba su rubuce-rubuce ne masu yawan da ba mai iya karantawa a rayuwa dubu, suka koyi yadda kalma ke bin kalma, har suna iya tsara amsa a kan kowane batu. Sau da yawa amsar daidai ce, tana kuma da amfani. Amma da murya ɗaya suke faɗin abin da yake daidai da abin da ba daidai ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 domin sun gabatar da tsofaffin shari'o'i shida a matsayin hujja, ashe manhaja ce ta ƙaga su, ba a taɓa yin su ba. In lauyoyin Amurka sun faɗa wannan rami, ba abin mamaki ba ne ɗan sakandare ya faɗa.

Ga kuma batun harshe. Mafi yawan abin da aka ciyar da waɗannan manhajoji Turanci ne, Hausa kaɗan ce a ciki, Hausar da tsofaffinmu ke bayyana ciwo da ita kuwa kusan ba a rubuce take ba. In tsohuwa ta ce "sanyi ke damuna," tana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko wani ciwon da kunya ta hana ta ambata. In aka ce yaro yana da "shawara," ba nasiha ake nufi ba, idonsa ne ya yi rawaya. Ma'aikaciyar da ta tashi a cikinmu tana jin kalmar, tana duban fuskar, ta san wanne ake nufi.

Mene ne gwaninta?

Bari mu bar asibiti mu leƙa kasuwar Mai'aduwa, wadda ke ci ran Lahadi (mun sani, gama mukan ga yadda wasu ke saurin fita tun ba a gama sanarwa ba). Ku tsaya kusa da tsohon dillalin shanu. Zai buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa daga haƙora. Zai dubi hanci ko yana da danshi, ya dubi kwanciyar gashi, ya sa a kora dabbar ya ga takunta, ya ce wannan tana da sammore, waccan kuwa gajiyar hanya ce kawai tun daga Nijar. In kun tambaye shi yadda ya sani, ba lalle ya iya bayyanawa ba. Shekara talatin na gani da kuskure da gyara ne suka taru a idonsa.

Wannan ɓangare na gwanintarsa, a gaskiya, yana kama da yadda na'ura ke koyo: misalai masu yawa, gyara a kan gyara. Ba mu shakkar cewa in an tara hotunan shanu isassu, wata rana waya za ta iya faɗin shekarun sa da nauyinsa ba tare da ta gaza shi ba. Amma me ya sa baƙo daga Legas yake neman wannan dillali, yana biyansa la'ada da farin ciki? Domin in dabbar ta fito ta sata ce, akwai wanda za a kama. In ta faɗi a hanya, akwai wanda za a koma wa ran Lahadi mai zuwa, yana nan a rumfarsa, sunan mahaifinsa sananne ne, mutuncin gidansa yana rataye a kan maganarsa. Ya san mai sayarwa, ya san wanda bashi ya matsa wa, ya san lokacin da ya kamata ya ce wa mai saye, "Alhaji, bar wannan." Ashe gwaninta ba gani kaɗai ba ce. Ta haɗa da sanin tambayar da ba a yi ba, da sanin mutumin da ke gabanka, da tsayawa a ɗauki alhakin abin da aka faɗa.

A nan ne labarin uwar nan ya bayyana. Manhajar ta amsa abin da aka tambaye ta. Yaron bai ambaci rama da gumin dare ba, ba don yana ɓoyewa ba, sai don bai san suna da muhimmanci ba. Wanda bai san cuta ba, bai san abin da ya kamata ya faɗa game da ita ba. Ma'aikaciyar jinyar kuwa ba a tambaye ta kome ba. Zane ta gani, da shimfiɗa a rana. Kuma da ta gani ba ta tsaya ga ba da shawara ba, ita ta nemo mai babur, ita ta zauna da maigidan har ya yarda.

Ikklisiya ta yi tunani a kan wannan. A watan Yuni na 2024 marigayi Paparoma Faransis ya yi wa shugabannin manyan ƙasashe bakwai jawabi a Italiya a kan ƙirƙirarriyar basira, inda ya nace cewa yanke hukunci a kan ran mutum dole ya zauna a hannun mutum. A watan Janairu na 2025 Fadar Vatikan ta fitar da wata takarda mai suna Antiqua et Nova, wadda ta yarda da amfanin waɗannan na'urori a fannin lafiya da ilimi, amma ta bambanta iya aiki da hankali irin na ɗan Adam, wanda ke da jiki, da dangantaka, da lamiri, shi kaɗai kuma ke ɗaukar alhaki. Paparoma Leo na 14 ma, kwana biyu bayan zaɓensa a watan Mayu na 2025, ya bayyana cewa ya ɗauki sunan ne yana tuna Leo na 13, wanda ya kare ma'aikata a 1891 sa'ad da injuna suka sauya duniyar aiki.

Tambayar matasanmu

Wasu samari da 'yan mata sun tambaye mu ko akwai sauran amfani su wahala da karatun jinya ko na ɗakin gwaji, tun da na'ura za ta karɓe aikin. Irin wannan tsoro ba a Daura ya fara ba. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2024, ya ce ya kamata a daina horar da likitocin hoto domin cikin shekaru kaɗan kwamfuta za ta fi su. Shekarun sun wuce, asibitocin Amurka da Ingila kuwa suna ta kukan ƙarancin waɗannan likitoci. Ya yi daidai a kan karatun hoto, ya yi kuskure a kan aikin likita, domin aikin ya fi karatun hoto faɗi.

Hatsarin da muka fi tsoro wani ne. A 2025 aka buga wani bincike daga ƙasar Polan a kan likitocin da ke leƙa hanji da na'ura domin gano ƙananan tsiro kafin su zama ciwon daji. Bayan sun saba aiki da manhajar da ke nuna musu tsiron, sai aka auna su a ranakun da suka yi aiki ba tare da ita ba. Yawan ganowarsu ya sauka daga kashi 28 cikin 100 zuwa kashi 22. Ido ya yi lalaci cikin 'yan watanni. Mu da muke zaune inda wuta kan ɗauke, batir kan mutu, tallafin ƙasashen waje kuma kan tsaya ba sanarwa kamar yadda aka gani a 2025, ba mu da halin barin idon mutanenmu ya mutu. Ranar da na'ura ta lalace ana jiran makaniki daga Kano, mai tari ba zai jira ba.

Saboda haka amsarmu ga matasa ita ce su shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Daura, ko kwalejin fasaha ta tarayya, ko jami'ar sufuri da aka aza harsashinta a 2019, su koyi sana'ar tun daga tushe, su kuma koyi sarrafa na'urar. Wanda ya san aikin ne kaɗai zai iya gane ranar da na'ura ta kauce. Ɗalibin da ke sa waya ta rubuta masa aikin gida kuwa yana kama da almajirin maƙeri da ke sayen lauje a kasuwa yana kawo wa ubangidansa. Zai ci jarrabawa, amma hannunsa bai san zafin ƙarfe ba.

Ga iyaye da malaman katikisma kuma, in wani ya nuna muku amsar waya a kan ciwo, ko magani, ko gado, ko takardar fili, kada ku yi masa ba'a, kada kuma ku karɓa kai tsaye. Ku tambaye shi abin da ya gaya wa wayar da abin da bai gaya mata ba, ku kuma tambaya wa zai tsaya in abin ya ɓaci. Na'urar da hukumomin lafiya suka gwada, ma'aikaci kuma yana tsaye a bayanta, dabam take da manhajar da mutum ke hira da ita shi kaɗai da tsakar dare.

Tarin da ya kai mako biyu, musamman in yana tare da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, na asibiti ne. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe wa wannan cuta. A gaya wa ma'aikaci kome da kome, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Maganin na wata shida ne, wanda ya yanke shi don ya ji sauƙi kuwa yana iya jawo wa kansa irin cutar da ba ta jin magani na farko.

Uwar da muka fara da labarinta tana cikin wata na huɗu yanzu, jikinta ya fara dawowa. Matan Zumunta biyu ne suke karɓa-karɓa, kowace safiya ɗaya takan leƙa ta ga an haɗiyi ƙwayoyin, sun kuma hana a ware mata kwano kamar baƙuwa a gidanta. An gwada sauran mutanen gidan. Jikokinta biyu ƙanana, waɗanda shekarunsu ba su kai na wanda aka amince manhaja ta karanta hotonsa ba, likita ne ya duba su da kansa, an kuma ɗora ƙaramin a kan maganin rigakafi. Ɗan nata ya cika takardar neman shiga makarantar koyon aikin lafiya, yana jiran sakamako.